Rage kuɗin magani a Amurka: katin rangwame, jerin dala 4, kantin intanet ko taimakon kamfani?

Wanda ya taso yana shiga kemis a Kano ko Zariya ya faɗi sunan magani a miƙo masa, ranar da ya fara tsayawa a kantin magani a Amurka zai sha mamaki biyu. Na farko, ƙwayoyin hawan jini da na ciwon suga ba sa samuwa sai da takardar likita mai lasisin aiki a ƙasar, wadda aka taho da ita daga gida ba ta aiki. Na biyu, magani ɗaya ba shi da farashi ɗaya. Kantuna biyu a titi guda sai su faɗi kuɗi biyu masu nisan tazara, kuma a kanti ɗaya ma abin da za ka biya ya danganta da katin da ka miƙa.

Ruwa ba ya tsami banza. Tsakanin kamfanin da ya yi maganin da kamfanin inshora da kantin da ke sayarwa akwai dillalai, su ne ke yanke nawa za a biya kanti, nawa majinyaci zai biya. Uku daga cikinsu, CVS Caremark da Express Scripts da Optum Rx, suna riƙe da kusan kashi 80 cikin 100 na takardun maganin da ake cikawa a ƙasar. Wanda ya zo ba inshora ba kati, shi ake yi wa farashin baƙo, irin wanda ɗan kasuwa ke faɗa wa mutumin da ya ga bai san gari ba. Duk hanyoyin da za mu kwatanta a nan dabaru ne na kauce wa wannan farashin.

Tambayoyi biyu kafin awo

Yawancin masu tambaya cewa suke yi, "Wane kati ne ya fi?" A ganina an fara daga wutsiya. Abin da ya kamata a fara sani shi ne irin maganin da ke hannunka.

Magani kashi biyu ne. Akwai mai tambarin kamfanin da ya ƙirƙiro shi, wanda haƙƙin mallakarsa bai ƙare ba, don haka babu mai yin irinsa. Akwai kuma jenerik, wato wanda wasu kamfanoni ke yi da sinadari ɗaya da ƙarfi ɗaya bayan haƙƙin ya ƙare, bisa amincewar hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA. Kusan tara cikin goma na takardun da ake cikawa a Amurka na jenerik ne. Metformin da lisinopril da amlodipine da atorvastatin duk suna nan. Katunan rangwame da jerin araha da kantunan intanet a kan jenerik suke da ƙarfi. Idan maganinka mai tambari ne da ba shi da madadi, kamar Eliquis na tsinka jini, katin rangwame ɗan abin da zai sare bai taka kara ya karya ba, ƙofarka daban ce.

Tambaya ta biyu: wace inshora gare ka? Babu ko ɗaya, ko ta wurin aiki, ko Medicare ta 'yan shekara 65 zuwa sama, ko Medicaid ta masu ƙaramin ƙarfi? Wasu hanyoyin doka ta rufe su ga wasu rukunan.

Da ma'auni huɗu za mu auna. Farashi, amma na shekara guda har da kuɗin rajista da na aike, ba na kwalba ɗaya ba. Ɗorewa, wato ko farashin da ka samu yau zai jira ka wata mai zuwa. Sauƙi, musamman ga wanda ba shi da mota ko bai saba da waya mai intanet ba. Sai haɗari, ga lafiya da ga aljihu da ga sirrin mutum.

Katin rangwame: GoodRx da SingleCare

GoodRx, wanda aka kafa a Kalifoniya a 2011, shi ne ya fi suna. Kana rubuta sunan magani da ƙarfinsa da yawan ƙwayoyi da lambar yankinka a manhajarsu, sai ta jero maka farashin kantunan da ke kusa. Ka zaɓi ɗaya, ta ba ka wasu lambobi, ka nuna wa famasis ya shigar a kwamfuta a madadin inshora. Ba a biyan ko sisi na katin, ba a tambayar takardun zama, kuma kantuna fiye da 70,000 suna karɓa. SingleCare haka yake aiki, kantunansa ba su kai yawan na GoodRx ba, amma a kan wasu magungunan yakan fi araha. Tun da duk kyauta ne, babu dalilin riƙe ɗaya a bar ɗaya.

To, me suke samu? La'ada. Duk sanda aka yi amfani da katin, kanti yana biyan wani kuɗi, kuma kaso daga ciki yana zuwa ga mai katin. Shi ya sa wasu ƙananan kantunan unguwa, waɗanda ba na manyan kamfanoni ba, suke ɓata fuska ko su ƙi karɓa: a kan wasu magungunan hasara suke yi. A irin wannan kanti gara ka tambayi mai shi kai tsaye nawa zai sayar maka kuɗi hannu. Sau da yawa yakan faɗi abin da ya yi kusa da na katin, don ya fi son ya riƙe ka a matsayin abokin ciniki.

Wajen farashi, a kan jenerik ragin yakan yi yawa ƙwarai idan aka kwatanta da farashin baƙo. Sai dai kada lissafin "ragin kashi 80 cikin 100" na tallace-tallace ya ruɗe ka, domin daga wancan kumburarren farashin ake ƙirgawa. Abin dubawa shi ne dala nawa za ta fita daga aljihunka. Akwai kuma GoodRx Gold, na biyan dala 9.99 a wata ga mutum ɗaya ko dala 19.99 ga iyali. Na mutum ɗaya ya tasar wa dala 120 a shekara ke nan. Sai ka jera magungunanka ka ga ƙarin ragin ya haura wannan kafin ka shiga, kuma ga mai shan ƙwaya ɗaya ko biyu masu araha da wuya ya haura.

Ɗorewa ita ce raunin katin. Farashi yana motsi ba sanarwa, kantin da ya fi araha a watan Janairu yana iya zama na uku a watan Afrilu. A 2022 wani babban kamfanin kantunan kayan abinci ya yi watanni ba ya karɓar rangwamen GoodRx yadda ya saba, masu dogaro da shi suka wayi gari da sabon farashi. Mai amfani da kati dole ya riƙa dubawa duk lokacin da zai sake karɓar magani.

Haɗari iri biyu ne. Na sirri: a watan Fabrairun 2023 hukumar kula da cinikayya ta tarayya, FTC, ta ci GoodRx tarar dala miliyan 1.5 bisa zargin bai wa kamfanonin talla irin su Facebook da Google bayanan lafiyar masu amfani da shi, aka kuma haramta masa yin haka nan gaba. Wanda ba ya son a san ciwonsa zai iya duba farashi ya ɗauki lambobin ba tare da buɗe asusu da sunansa ba. Na biyun ya fi wannan nauyi, kuma ya shafi duk mai bin araha daga kanti zuwa kanti. Kwamfutar kanti tana gano magungunan da ba sa jituwa ne idan ta san duk abin da kake sha. Idan ka karɓi na zuciya a nan, na ƙoda a can, babu wanda ke ganin hoton gaba ɗaya. Lisinopril da spironolactone, alal misali, dukansu suna ɗaga sinadarin potassium a jini, haɗa su yana bukatar sa ido. Maganin wannan shi ne takarda ɗaya a aljihu mai ɗauke da sunan duk abin da kake sha, har da na gargajiya da aka aiko daga gida, ka nuna wa kowane famasis.

Jerin araha na Walmart, da Costco

A 2006 Walmart, babban kamfanin kantunan sayayya, ya fito da jerin magungunan jenerik a kan dala 4 na kwana 30, daga baya ya ƙara da dala 10 na kwana 90. Jerin yana nan, ko da yake yanzu hawa-hawa ne, wasu magungunan sun koma dala 9 ko 15 na wata, kuma a wasu jihohi farashin ya ɗara haka. Ba kati, ba rajista, ba manhaja: takardar likita kawai. Metformin da lisinopril da hydrochlorothiazide suna cikin waɗanda aka daɗe ana samu a ciki.

Wannan ita ce hanyar da ta fi ɗorewa cikin na kuɗi hannu, domin jerin ba ya sauyawa kowane mako. Mai shan magani biyu daga matakin farko, yana karɓar na wata uku-uku, dala 80 ce kuɗin maganinsa na shekara. Iyakarta ita ce jerin gajere ne, kuma ƙarfi da adadi a ƙayyade suke. Idan likita ya rubuta nau'in da ba ya ciki, ka koma farashin yau da kullum. Dabarar ita ce ka je wajen likita da jerin a wayarka, ka tambaye shi ko akwai na ciki da zai yi maka aiki ɗaya.

Ga mutanenmu na Bronx da Harlem akwai cikas: babu Walmart ko ɗaya a cikin birnin Niyok, sai an fita zuwa New Jersey ko Long Island. Idan ka haɗa kuɗin gada da mai da rabin yinin da ka bar aiki, dala 4 ta zama tsada. A Tekzas ko Jojiya ko Ohayo kuwa da wuya ka yi nisa ba ka ga reshe ba.

Shi Costco, kantin da ke sayar wa mambobinsa kaya, mutane da yawa ba su san ba sai kana da katin zama mamba za ka yi amfani da sashen maganinsa ba. Ka gaya wa mai tsaron ƙofa wajen magani za ka, zai bar ka ka wuce. Farashinsu na kuɗi hannu a kan jenerik yana cikin mafi sauƙi, mambobi kuma, masu biyan dala 65 a shekara, suna da ƙarin ragi. Rassansu dai ba su da yawa, kuma sashen magani yakan rufe da wuri.

Cost Plus Drugs

Wannan kantin intanet ne da attajirin nan Mark Cuban da likita Alex Oshmyansky suka buɗe wa jama'a a watan Janairun 2022. Abin da ya bambanta shi shi ne lissafinsa a fili yake: kuɗin da suka sayo maganin, a ɗora kashi 15 cikin 100, a ƙara dala 5 ladan haɗawa, sai kimanin dala 5 na aike.

Wannan lissafin da kansa yake nuna wanda ya dace da shi. A ce sun sayo maganin wata a kan dala 1. Za ka biya dala 11 da 'yan kai, alhali Walmart na ba da shi dala 4. An yi ba a yi ba. Amma akwai jenerik masu tsadar gaske, na kansa da na dashen ƙoda da na wasu cututtukan jijiya, waɗanda farashin baƙonsu ke kai ɗaruruwa ko dubban daloli. A nan ne kantin ya yi suna. Imatinib, maganin wani nau'in kansar jini, ana faɗin dubban daloli a wata a kantuna, su kuwa suka fara sayar da shi ƙasa da dala 50. Ga masu matsakaicin farashi, riba tana fitowa ne idan ka sayi na kwana 90, ka kuma haɗa magunguna da yawa a aike ɗaya.

Farashinsu yana da ɗorewa daidai gwargwado. Sauƙi ne da saura: sai likitanka ya aika musu da takarda ta kwamfuta, sai kana da adireshin imel da katin banki, sai kuma ka jira kwanaki. Bai dace da maganin da ake so a fara sha yau ba, kamar na kashe ƙwayoyin cuta. Ba sa sayar da magungunan da doka ta sa wa takunkumi, irin su tramadol da codeine. Wanda ke zaune a benen haya inda ake ajiye saƙo a bakin ƙofa ya san haɗarin da ya rage, haka mai mantuwa da ba ya tuna oda sai ƙwaya ta ƙare.

RxPass na Amazon

Dala 5 a wata, ka karɓi duk abin da likita ya rubuta maka daga jerin jenerik kusan 60, a kawo har gida. An fara shi a Janairun 2023, aka buɗe wa masu Medicare a 2024, masu Medicaid ba sa shiga. Sharaɗin shi ne ka zama mamban Prime, wato tsarin mambobin Amazon, wanda ke cin dala 14.99 a wata. In kana da Prime dama, kuma kana shan magani uku ko fiye daga jerin, garaɓasa ce. In don magani za ka shiga Prime, kana biyan kusan dala 20 a wata kan abin da wataƙila dala 20 za ta saya maka na wata uku a Walmart.

Taimakon kamfanin da ya yi maganin

Ƙofar masu magani mai tambari ke nan, kuma gida biyu ce da mutane ke yawan cakuɗawa.

Ta farko katin da kamfani ke bayarwa don ya biya maka kasonka, wato abin da inshora ta bar maka ka biya. Ana samunsa a shafin maganin a intanet cikin 'yan mintuna, kuma yakan sauko da abin da kake biya ƙasa sosai, wani lokaci har ba ka biyan komai. Na masu inshorar wurin aiki ne ko wadda suka saya da kansu. Dokar tarayya ta hana amfani da shi tare da Medicare ko Medicaid, domin ana ɗaukarsa toshiyar baki don a sa gwamnati ta sayi mai tsada. Yana da iyakar adadi a shekara, kuma wasu inshorori ba sa lissafa abin da kamfani ya biya a matsayin naka. Sai katin ya ƙare a tsakiyar shekara, ka tarar da cikakken kuɗi yana jiranka. Kira ɗaya zuwa ga inshorarka a farkon shekara zai fayyace maka wannan.

Ta biyu shirin tallafi ne ga marasa inshora ko waɗanda inshorarsu ba ta ɗauki maganin ba, irin su Lilly Cares da Pfizer RxPathways. Wanda aka amince da shi yakan samu maganin kyauta har shekara. Babu hanyar da ta kai ta araha, babu kuma wadda ta kai ta wahala: cike takardu, shaidar abin da kake samu, sa hannun likita, jiran makonni, da sabuntawa duk shekara. Iyakar samu ta bambanta, wasu ninki biyu na ma'aunin talauci na tarayya, wasu ninki huɗu ko fiye, don haka mai aiki kada ya cire kansa tun bai duba ba. Galibi suna neman shaidar zama a Amurka, wanda ya zo ziyara da wuya ya shiga. Shafin NeedyMeds yana tattara waɗannan shirye-shirye bisa sunan magani.

Insulin tana da nata labarin. A watan Maris na 2023 manyan kamfanoni ukun da ke yin ta, Eli Lilly da Novo Nordisk da Sanofi, suka sanar da rage farashin wasu nau'o'in da kashi 70 zuwa 78 cikin 100, kuma kowannensu yana da shirin dala 35 a wata da ya haɗa da marasa inshora. Walmart na sayar da tsohon nau'in insulin mai suna ReliOn a kan kusan dala 25 kwalba, amma lokacin da take fara aiki da daɗewarta a jiki sun bambanta da na zamani. Sauyawa ba da sanin likita ba kan jefa mutum cikin faɗuwar suga mai haɗari.

Cibiyoyin lafiya na al'umma

Tun 1992 akwai dokar da ake kira 340B, wadda ta tilasta wa kamfanonin magani sayar wa asibitoci da cibiyoyin da ke kula da talakawa a farashi mai rahusa. Cibiyoyin lafiya na al'umma da gwamnatin tarayya ke tallafa wa suna karɓar kuɗi gwargwadon samun mutum, kuma da yawa suna da kantin maganinsu ko wanda suka ƙulla yarjejeniya da shi. Fifikonsu shi ne jifa ɗaya tsuntsu biyu: likitan da zai rubuta takardar, da maganin, har mai tambari wani lokaci. Sai dai dole ka zama majinyacinsu, kuma samun ranar ganin likita kan ɗauki lokaci. Mazauna birnin Niyok da ba su cancanci inshora ba suna da NYC Care, wanda aka fara a Bronx a 2019, ba ya duba matsayin takardun zama, kuma yana ba da magani a kan kuɗi kaɗan a asibitocin birnin.

Inda mai inshora ke faɗawa rami

Ba a haɗa katin rangwame da inshora a ciniki ɗaya, ɗaya za ka zaɓa. Yakan faru farashin kati ya fi kason da inshora ta ɗora maka araha, kuma tun 2018 doka ta haramta wa dillalai hana famasis gaya maka hakan. Sai dai ba kowane famasis ne zai faɗa ba in ba ka tambaya ba.

Ga ramin. Yawancin inshorori suna da kason farko, wanda ake kira didaktibul: adadin da sai ka biya da aljihunka a shekara kafin su fara sa hannu sosai. Abin da ka biya da katin rangwame galibi ba ya shiga wannan lissafin. A ce kason farkonka dala 3,000 ne, lafiyarka ƙalau in ban da ƙwaya ɗaya da inshora ke ce maka dala 30, kati ya ce 12. Ba za ka taɓa cike 3,000 ɗin ba, ka ɗauki kati. Amma a ce matarka za ta haihu bana, ko kana da wani magani mai tsada da zai cinye kason kafin watan Afrilu. A nan kowace dala da ka biya ta hanyar inshora tana matso da ranar da za su karɓi nauyin, ragin dala 18 kuma zai iya zama asara. Wasu inshorori sun fara kwatanta farashin GoodRx da kansu su ba ka mafi araha su kuma lissafa maka, ka tambayi taka.

Ga masu Medicare lissafin ya ƙara karkata. Dokar da Shugaba Joe Biden ya sa wa hannu a Agustan 2022 ta tsayar da insulin a dala 35 a wata, ta kuma sa rufin dala 2,000 a 2025 kan abin da mutum zai biya na magani a shekara, rufin da ke ɗan ɗagawa duk shekara. Mai shan magani mai tambari ko da guda ɗaya ne, ya fi masa ya bi da komai ta inshora don ya isa rufin da wuri. Mai ƙaramin samu ya nemi tallafin Extra Help a ofishin Social Security. Daga 15 ga Oktoba zuwa 7 ga Disamba kuma ake sauya tsarin inshorar Medicare, lokacin da ya kamata a sake jera magunguna a gwada.

| Hanya | Farashi | Ɗorewa | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| GoodRx, SingleCare | Kyauta, ragi mai yawa a jenerik | Yana motsi | Nan take, da waya | Rarraba kantuna, sirri |
| Jerin Walmart | Daga dala 4 a wata | Mai ƙarfi | Sai akwai reshe kusa | Jerin gajere ne |
| Costco | Mai sauƙi, kuɗi hannu | Matsakaiciya | Rassa kaɗan | Nisa |
| Cost Plus | Sari da kashi 15, da kusan dala 10 | Mai kyau | Jiran kwanaki | Jinkiri, ɓatan saƙo |
| RxPass | Dala 5 da kuɗin Prime | Mai kyau | Har gida | Biyan Prime a banza |
| Katin kamfani | Ƙasa sosai | Yana da iyaka | Mintuna | Ƙarewa tsakiyar shekara |
| Tallafin kamfani | Sau da yawa kyauta | Shekara-shekara | Takardu da jira | Ƙin amincewa |
| Cibiyar al'umma | Gwargwadon samu | Mai kyau | Sai ka yi rajista | Jiran ganin likita |

Abu ɗaya teburin bai nuna ba. Sauya kanti yakan sauya kamfanin jenerik, launi da siffar ƙwaya su canza. Dattawanmu da yawa da launi suke gane magani, "farin ƙaramin nan na safe." Ranar da farin ya zama ruwan hoda, wani ya ƙi sha, wani ya haɗa tsoho da sabo ya sha biyu. Ga levothyroxine da warfarin da magungunan farfaɗiya, inda ɗan bambanci ke da tasiri, gara a tsaya wuri ɗaya, in an sauya kuma a sanar da likita. Shafin intanet da ya ce zai sayar maka ba takardar likita kuwa, wannan ba ya cikin kwatancen nan ko kaɗan, ta irin su jabun ƙwayoyi masu fentanyl, sinadarin da kaɗan daga cikinsa ke iya kisa, ke shiga hannun mutane.

Wa ya dace da me

Direban tasi ko mai kai saƙo da ba shi da inshora, yana shan na hawan jini ko suga: ya fara da jerin Walmart in akwai reshe kusa, na kwana 90. In babu, ya gwada GoodRx da SingleCare, ya zaɓi kantin da jimillar magungunansa ta fi sauƙi, ya zauna a nan ko da wani ya fi shi da dala ɗaya a kan ƙwaya guda.

Mai jenerik mai tsada da ake sha kullum ya duba Cost Plus kafin komai. Iyalin da ke da mai ciwon sikila su ma su gwada farashin hydroxyurea a can da kuma ta kati, amma magungunan raɗaɗi masu takunkumi a bar su a kantin unguwa guda da ya san majinyacin.

Mai inshorar wurin aiki da magani mai tambari: katin kamfani, bayan ya tabbatar yadda inshorarsa ke lissafa shi. Marar inshora da magani mai tambari: tallafin kamfani da cibiyar al'umma, a nemi biyun lokaci ɗaya, a kuma roƙi likita samfurin kyauta na cike giɓin jira. Mai Medicaid abin da yake biya 'yan daloli ne ko babu, kati ba shi da amfani gare shi sai a kan abin da ba a ɗauka ba.

Mai shirin zuwa gida hutu: maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, atovaquone-proguanil ko doxycycline, ba kowace inshora ke biya ba, kuma a nan katin rangwame ke nuna amfaninsa.

Sai Hajiya da za ta zo taya jego. Ta taho da maganin da zai kai kwana 90, a cikin kwalayensa na asali, da takardar likitanta da Turanci. A rubuta sunan sinadari, ba sunan kasuwa kaɗai ba, domin wasu sunayen sun bambanta: glibenclamide a Amurka glyburide ne, salbutamol albuterol ne, paracetamol kuma acetaminophen. In zaman zai wuce wata uku, a nema mata ganin likita tun a wata na biyu, a je da kwalayen gaba ɗaya da jerin Walmart a waya, a roƙi ya rubuta na kwana 90.